Kashin Ƙuda a Taswira

Laraba, bayan tara, a ajin da rufinsa ke yoyo,
na shimfiɗa taswirar da gara ta ci wa gefe.
Kaneng ta ɗora yatsa can tsakiyar shuɗi:
"Malam, kashin ƙuda ne wannan?"
Na kankara da farce, ya ƙi fita.
Ashe ƙasa ce.

Na ce da su, da can dutse ne,
ya fi Shere tsayi, yana aman wuta, yana ji da kai.
Wasu 'yan halittu da ba su kai ƙwayar acca ba
suka zagaye gindinsa da gini,
uwa ta mutu, 'ya ta aza ɗaki kan ƙashinta,
jika ta aza kan na 'ya.
Dutse ya gaji da tsayuwa, ya dinga zama,
taƙi, taƙi, har ruwa ya rufe masa ka.
Murjani bai raka shi ba,
ya ci gaba da hawa yana neman rana.

Yau babu dutse, sai zobe,
kamar ƙwaryar da ta nutse saura baki.
A ciki tafki kwance, jariri ya ƙoshi da nono,
a waje teku na haushi dare da rana.
Babu rafi.
Ruwan sha ɗan siriri ne ƙarƙashin yashi,
yana kwance kan na gishiri, ka zurfafa haƙa ka ɓata shi.
Tudunsu mafi tsawo bai kai katangar makarantar nan ba.
Kwakwa ce itace, ita ce randa, ita ce jinka,
kaguwa kuwa har bishiya take hawa.

Masu kwalekwale ne suka fara sauka,
taurari ne hanyarsu, tsuntsun yamma ne jagora.
Daga baya jirgi ya zo da tuta,
aka raɗa wa wurin sunan wani
da bai taɓa kwana a can ba.
Suka tarar tsuntsaye sun shekara dubu suna kashi,
suka ce taki ne, a kawo buhu.
Aka kwaso leburori daga nesa.
Da taki ya ƙare, jirgi ya ɗaga,
ya bar tukunyar ƙarfe tana tsatsa
da kaburbura bakwai, ko takwas, yashi ba ya riƙe lissafi.

Sai Ɗanliti daga bencin baya:
"Malam, ai muna da irinsa bayan gidanmu."
Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Da la'asar na bi ta Gyel.
Ga kududdufin, koren ruwa, shiru,
jar ƙasa ta yi masa zobe.
Nan kakana Ilu, da ya tako daga Kazaure,
ya ɗauki kwanon laka har gashin tsakar kansa ya ƙare.
Kuza ta hau jirgin ƙasa ta tafi ganin teku,
shi bai taɓa ganinta ba.
A can ƙanana suka gina sama, dutse na nutsewa.
A nan ƙanana suka ci tudu da diga
don wani ya sami gwangwanin kifi.

Wata mata ta tayar da injin ban ruwa,
kabejinta ya yi kai, karas na leƙe.
Na jefa tsakuwa, ban ji saukarta ba.

Kafin a kaɗa ƙararrawa Kaneng ta tambaya,
"In teku ta ƙaru da kamu ɗaya fa, ina za su hau?"
Na ce mu haɗu gobe.
Ga shi magariba ta yi, allin na aljihuna,
hadari ya haɗo ta Bukur,
ban samo mata komai ba.